Baba Umara Ba Ya Cin Tuwo Shi Kaɗai

Kwanon ya sake dawowa kamar yadda aka kai shi. Sadiya ta ɗaga murfin a tsakar gida, ta ga malmalar tuwon tana nan daram, sai ɗan gutsure a gefe wanda ko kaza ba zai ƙosar ba. Miyar ta huce, man ya kwanta a sama. Ta miƙa wa mijinta Inuwa ya gani da idonsa. Shi kuwa ya gaji da gani. Tun da ya ɗauko mahaifinsa, Baba Umara, daga ƙauye bayan ambaliya ya kawo shi gidansa a Haɗeja, tsohon yake ƙin abinci, yake zabgewa a gaban idonsa, kuma an rasa mai gaya masa dalili. Tsoro ne fal a cikin Inuwa: kada ya zama ya tsamo ubansa daga ruwa ne don ya zo ya mutu da yunwa a kan katifa.

Abin da ya ƙara wa abin ciwo shi ne, Baba Umara ba mutumin da aka sani da kwanciya ba ne. A Tudun Ɓaure, wani ƙauye can bayan Guri wanda sunan ne kawai tudu, babu wanda ya san shekarunsa, har shi kansa. In aka matsa masa da tambaya sai ya ce shi dai ya buɗe ido ya ga kogi, kogin kuma bai ce masa ya yi ƙirga ba. Masu son lissafi sun ce ya haura casa'in, don akwai waɗanda ya ci tuwon sunansu yana da aure, yau ga su suna dogara sanda. Kakansa ne ya zo daga gabas, wajen tafkin Chadi, da homar kamun kifi a kafaɗa, ya ya da zango a bakin ruwan nan bai ƙara gaba ba. Sunansa aka mayar wa jikan, tare da sana'ar da kuma taurin kan.

Har zuwa daminar da ruwa ya ci garin, shi yake tashin ladan da asuba, ba ladan ke tashinsa ba. Daga masallaci sai bakin ruwa. Ya kifa cikinsa a kan gora ya ratsa kogi ya duba tarkunansa, ya dawo da abin da Allah ya hore, tarwaɗa ce ko karfasa. Da damina yana tsakanin shinkafar fadama da geron jigawa, da rani yana cikin tattasai da albasa, kuma duk da ƙafa yake zuwa, don babur a wurinsa abin hawan ragwaye ne. Cimarsa ba ta da wani asiri: tuwon gero, miyar kuka ko ta yakuwa, kifin da ya kamo da hannunsa, fura da nono in rana ta take. Sukari kuwa gishirin yara yake ce masa. Bai taɓa sa taba a bakinsa ba, goro ma sai an yi suna. Samari kan tsaya su kalle shi yana tauna aya ƙaras-ƙaras, su taɓa nasu haƙoran.

In baƙi suka tambaye shi sirrin wannan ƙarfi, yakan ce nufin Allah ne. In suka nace, sai ya ƙara da cewa bai taɓa kwana da wani a ransa ba. Wannan kuma ba don ya fi kowa haƙuri ba ne, ai Baba Umara mafaɗaci ne na gidi. Ciyayya ce ba ta barinsa. A unguwarsu, da an sallame magariba, kowane magidanci zai fito da akushinsa ƙofar gidan liman, a baza tabarma, a jera. A buɗe na wannan a cinye tare, a jawo na wancan. To, mutumin da za ka haɗa hannu da shi cikin miya ɗaya da yamma, ina amfanin ka ƙulla masa gaba da rana? Ko kun yi cacar baki a kan iyakar gona, kafin a kai akushi na biyu wani ya tsokani wani, an yi dariya, magana ta mutu.

Kuma a wannan tabarmar ake duba lafiyar gari ba tare da an tambayi kowa ba. Wanda akushinsa ya fito da gaya babu mai, an san rumbunsa ya yi ƙasa, washegari zai tarar da damin gero a zaurensa, ba zai kuma san wanda ya ajiye ba. Wanda hannunsa ya yi sanyi a ci, an san jiki ya motsa, kafin ya ce wayyo an nemo masa magani. Ranar da aka binne Saudatu, matar Baba Umara, ya zauna a ɗaki ya ce ba ya jin cin komai. Abokan ba su roƙe shi ba. Tabarmar suka naɗe suka kawo ƙofar ɗakinsa, suka zauna suka buɗe akusa suka zuba masa ido, har kunya ta fito da shi.

Da tafiya ta yi tafiya, mutuwa ta yi ta ɗauke masu akusan ɗaya bayan ɗaya, har sa'o'insa suka rage su uku. Akwai Liman Adamu. Akwai Auta, wanda ya tsufa tukuf ana kiransa Auta. Sai Buba, Bafillacen da shanunsa suka ƙare tun wani fari mai tsanani, ya zauna cikin masunta, ya ajiye kunyar cin abinci irin ta danginsa ya zama shi ne mai suɗe akushi. Tsakaninsa da Baba Umara kuwa wasan Barebari da Fulani ne, kullum sai an yi musun wane ne bawan wani, kuma har yau ba a yanke hukunci ba.

Inuwa bai taɓa zama a wannan tabarma ba, bai kuma taɓa sa rai ba. Shi ɗan fari ne. Tun da aka yaye shi aka miƙa shi ɗakin kakarsa, can ya girma. Baba Umara bai taɓa kama sunansa ba, sai dai ya ce "yaron nan", daga baya da ya koma Haɗeja ya zama dillalin kifi banda sai ya koma "mutumin birni". In Inuwa ya zo gaisuwa, daga bakin zaure yake tuɓe takalmi ya tsuguna, kansa a ƙasa, a gaisa a taƙaice, ya tashi. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma kowa ya san mai irin wannan kunyar ya fi kowa so. Haka suka rayu, ɗan har ya haura sittin, kowannensu yana jin ɗan'uwansa a ransa daga nesa.

Sai ruwa ya zo. Ba baƙo ba ne a ƙasar nan, kowace damina yakan leƙo ya koma. Amma shekara da shekaru ciyawar kachala tana toshe hanyoyinsa, har ya rasa ta inda zai wuce, ya juyo ya shigo gari. Katangun ƙasa suka jiƙe suka zauna. Rumbuna suka kife. Aka kwashe mutane a kwale-kwale aka zube su a wata makaranta da ke kan tudu na gaskiya, maza da mata da awaki. A can sanyi ya kama Liman Adamu, bai tashi ba. Daga nan 'ya'ya suka yi ta zuwa kowa yana ɗaukar nasa tsohon. Aka tafi da Auta Kano. Sunusi, ɗan Buba, ya ɗauke mahaifinsa zuwa wani ƙauye da ke gaba da Malam Madori, inda yake kiwo. Inuwa kuma ya zo da mota ya ɗauki nasa, yana hamdala, yana ganin ga ranar da zai rama wa tsohon wahalar da ya sha.

Kuma ya yi iya yinsa, wannan ko maƙiyinsa ya shaida. Gidansa a sabuwar unguwa yake, inda kowa ya ja katanga har sama ya kafa ƙofar ƙarfe, maƙwabci ba ya sanin an haihu a gidan maƙwabci sai ya ga rumfa. Ya ware wa tsohon ɗaki mafi kyau, da katifa mai kauri, da fanka, da banɗaki a ciki don kada ya wahala da fita. Ya hana shi ɗaga ko buta. Sadiya kuwa, da yake suruka ce mai tarbiyya, ba ta yarda su haɗa ido ba. Takan durƙusa a bakin ƙofa, ta tura kwano ciki, ta gaishe shi murya ƙasa-ƙasa, ta ja labule ta bar shi ya ci a tsanake. Wa zai tsaya a kan babba yana cin abinci? Girmamawa ce tsantsa, babu wanda zai ce ga laifi a ciki, kuma ita ce ta yi ta cin tsohon kamar gara.

Da fari yakan taɓa rabi. Daga baya ya koma loma kaɗan. Sadiya ta ɗauka girkinta ne bai yi masa ba, ta shiga sauye-sauye. Ta bar tuwon shinkafa ta koma na gero. Ta aika aka nemo mata kuka sabuwar daka da daddawa mai kyau. Inuwa da kansa yake zaɓo tarwaɗa mafi ƙiba a kasuwa. Har burabusko ta koyo wurin wata Babarbariya, ko zai tuna masa da girkin gidansu. Duk a banza. In an tambaye shi sai ya ce, "Alhamdu lillahi, na ƙoshi. Allah ya yi albarka." Rigar da ta zauna masa cif ranar da aka kawo shi ta koma kamar an rataya ta a ƙusa. Mutumin da ke ratsa kogi a kan gora ya koma sai ya dafa bango kafin ya kai banɗaki.

Aka kai shi asibiti. Aka auna jini, aka auna fitsari, aka ɗauki hoton ƙirji. Likita ya duba ya sake dubawa, ya ce babu hawan jini, babu ciwon suga, zuciyar nan ko ta ɗan hamsin albarka. Ya ba da maganin buɗe ciki, ya ce a lallaɓa shi ya riƙa ci, don in aka ci gaba a haka jikin ba zai ɗauka ba. Aka yi rubutu, aka yi tofi, aka yi sadaka. Inuwa ya koma ba ya gane ciniki, sai a yi masa magana sau biyu a rumfa bai ji ba. Da a ce ciwo ne mai suna, da ya san inda zai nufa da shi. Amma yaya mutum zai yi da uban da lafiyarsa ƙalau, yana kuma mutuwa?

Wata Lahadi, ranar kasuwar Haɗeja, sai ga Sunusi ya kawo mahaifinsa a duba masa ido, ya ce bari su biya su yi dubiya. Buba bai jira an yi masa iso ba. Tun daga tsakar gida ya ɗaga murya yana dogara sanda.

"Ina Babarbaren nan, bawana? An ce ka samu gado mai laushi ka manta da ubangidanka!"

Daga cikin ɗaki, muryar da Inuwa ya yi makonni bai ji ta da ƙarfi ba ta amsa. "Wa ya buɗe wa Bafillace ƙofa? Maza a ɓoye ƙwaryar nono, ɓarawo ya shigo!"

Sunusi ya tafi sabgar kasuwa ya bar tsohon. Da azahar Sadiya ta tura musu kwano ta ja labule. Tana daga madafa tana jin su, wannan na cewa wancan ya cika loma, wancan na cewa wannan ya janye kifin gabansa. Da ta je ɗauka, sai ta tarar da kwanon tas, har an suɗe. Ta tsaya riƙe da shi, hawaye ya zubo mata. Da yamma, bayan baƙin sun tafi, ta sake tura wani. Ya dawo a cike.

"Malam," ta ce wa Inuwa, "ba girkina ba ne, ba kuma cikinsa ba ne. Baba bai iya ci shi kaɗai ba. Tun da yake a duniya, ka taɓa jin ya buɗe akushi babu kowa a gefensa?"

Inuwa ya ƙura wa kwanon ido. Ya san ciyayya sarai, a gefenta ya yi wasan ƙasa. Amma bai taɓa kawo wa ransa cewa ita ce ke riƙe da tsohon ba, ya ɗauka al'ada ce kawai ta mutanen ƙauye da ba su da abin yi bayan magariba. Takaicin kansa ya kama shi, sannan murna ta biyo baya, don a ganinsa an gano ciwo, magani kuma ba zai yi wuya ba. Abokin ci ne kawai. A garin da ya cika da mutane haka, a rasa mai cin tuwo?

Ashe za a rasa. Ya fara da maƙwabcinsa, wani Alhaji mai shagon kayan gini, ya ajiye kunya ya roƙe shi. Mutumin kirki ne, ya zo. Amma da cokalinsa ya zo, ya zauna a bakin katifa yana ta "sannu Baba, ci mana Baba", wayarsa tana ta kuka yana fita yana dawowa. Baba Umara ya karrama shi yadda ake karrama baƙo, ya tura masa kifin gabansa, shi kuwa ya taɓa miya ya lashe ya ce ya ƙoshi. Aka kawo 'ya'yan Shamsiyya, 'yar Inuwa da ke aure a cikin gari. Tsohon ya yi murna da su, ya zare musu ƙaya ya yi ta ba su a baki har kwanon ya ƙare, shi bai kai ko loma ɗaya nasa bakin ba. A masallacin unguwa kuwa, ana sallame sallah kowa ke neman takalminsa. Inuwa ya tsaya a ƙofa yana leƙen fuskoki ko zai ga mai furfura irin ta ubansa, bai ga ko ɗaya ba.

Sai ya hau mota ya nufi Malam Madori, daga can ya hau babur ya bi wata hanya mai yashi da ramuka har gidan Sunusi. Ya tarar da Buba a ɗaki shi kaɗai, ƙwaryar fura a gefensa ƙuda na bi, shi ma ya faɗa ya yi zuru-zuru. Inuwa ya ja Sunusi gefe, ya ce ya ba shi aron tsohon ya zauna a gidansa, ci da sha da magani duk a wuyansa.

Sunusi ya sunkuyar da kai. "Yaya Inuwa, ka san girmanka nake gani. Amma dubi abin da kake nema. A ce mahaifinmu yana da 'ya'ya maza a raye, ya koma cin tuwon wani gida? Da wane ido za mu kalli dangi? Sai dai in kai za ka kawo mana Baba Umara, wallahi mu riƙe shi kamar namu."

Inuwa ya ce ya yarda, ko a ina ne, in dai zai ci. Ya dawo ya tsuguna a bakin ƙofa ya faɗa wa mahaifinsa. Tsohon ya juya fuska bango.

"Ina da ɗa, in je in tare a gidan ɗan wani? A ce me ya yi mini? Ba za a zage shi ta dalilina ba."

Wato dai kunyar da ta ɗaure can ita ta ɗaure nan. Kowa yana kare mutuncin wani, tsofaffi biyu kuma suna bushewa a ɗaki. Da ƙyar aka samu matsaya: Sunusi zai riƙa kawo Buba ranar kasuwa. Aka yi hakan 'yan makonni. Ran Lahadi gidan Inuwa ya cika da musu da dariya, kwano ya fito tas. Sauran kwanakin kuma a koma gidan jiya. Amma mutum ba ya rayuwa da tuwon Lahadi kaɗai, hanyar kuma tana jijjiga ƙashin Buba, kowane zuwa sai ya kwana biyu bai miƙe ba. Inuwa ya nemi Auta ta waya, 'ya'yansa suka ce ya rikice, ko su ba ya ganewa.

Har Tudun Ɓaure ya koma, ko zai samu inda zai kafa wa tsohon ko da bukka ce, ya tattaro masa mutanensa. Wani masunci ya tura shi a kwale-kwale ta tsakiyar kachala, ta fi tsayin mutum, ba ka ganin komai sai sama. Da suka fito fili, mai tuƙin ya nuna masa da baki ya ce nan ne unguwarsu. Ruwa ne kwance, sai kan wata katanga da ta rage, da tsuntsaye a kai. 'Yan samarin da suka dawo suna can kan wani gaci cikin rumfunan leda, suna kamun kifi su tafi. Babu tsoho ko ɗaya. Inuwa ya zauna a cikin jirgin ya rufe fuska da hula ya yi kuka, bai damu da mai tuƙin yana kallonsa ba.

Wata safiya yana rumfa waya ta shigo. Sunusi ne. Buba ya cika da asuba, ba wani ciwo, ya dai kwanta bai tashi ba. Inuwa ya je aka yi jana'iza da shi, ya dawo ya ce wa Sadiya kada wanda ya kuskura ya faɗa wa Baba. Lahadi ta zo. Tun da hantsi tsohon ya lallaɓa ya sa wankakkiyar riga, ya zauna yana fuskantar ƙofa. Azahar ta yi, la'asar ta wuce. Aka ce masa babur ɗin Sunusi ne ya lalace. Ya tuɓe rigar ya ninke ya kwanta. Daga ranar ko ɗan gutsuren ya daina, sai ruwa, sai kunu in an matsa, ya kurɓa ya ajiye. Sallah ma a zaune yake yin ta. Aka sake kai shi asibiti aka yi masa ƙarin ruwa, likita ya ja Inuwa waje ya ce masa gaskiya, ruwan leda ba zai riƙe shi ba.

Ranar da suka dawo, Inuwa ya zauna a kan turmi a tsakar gida, ya rasa abin da ke masa daɗi. Sadiya tana kwashe tuwo, ba ta dube shi ba ta yi magana.

"Saura kai, Malam."

"Ni me?"

"Kai ka shiga ka ci da shi."

Ransa ya ɓaci. "Kin san abin da kike faɗa kuwa? Mutumin da ko sunana bai taɓa kamawa ba? In zura hannu a kwanonsa, ina ɗan fari? Ai sai baƙin ciki ya ƙarasa shi, ya ce na raina shi don na ga ya kwanta."

"To, ka bar shi ya tafi da girmansa," in ji ta. "Ni dai na gaji da zubar da tuwo ina kuka."

Aka kira magariba. Ya je ya yi sallah, bai san abin da liman ya karanta ba. Da ya dawo ya tarar ta jera kwano biyu a bakin madafa, ba ɗaya ba, na tsohon da nasa, kowanne da murfinsa, da buta da tabarma a gefe. Ya daɗe tsaye a kansu. Shi da yake daka wa manyan fatake tsawa a kasuwa, sai ga shi yana tsoron ɗaga labule. Ya ɗauka. A bakin ƙofar bai tsuguna ba. Ya yi sallama da ƙarfi irin ta maƙwabci, ya ɗaga labule ya shiga har tsakar ɗaki, ya baza tabarma a gaban katifa, ya jera kwanukan, ya zauna ya tanƙwashe ƙafa.

Baba Umara ya buɗe ido. Ya dubi tabarmar, ya dubi kwano biyun. Fanka tana ta juyawa a sama.

"Buba ne ya rasu?" ya tambaya.

"Shi ne, Baba."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ya maimaita a hankali. "Allah ya jiƙan bawana. Ya riga ni, ɗan banza, ko a nan sai da ya yi mini wayo."

Inuwa ya wanke hannu. Ya buɗe nasa kwanon, ya yi bisimilla, ya gutsura ya kai baki. Ya haɗiye. Yana jiran a ce masa tashi ka fita. Ya sake gutsura, hawaye na ɗiga a gemunsa, bai share ba. Tsohon bai motsa ba. Inuwa ya ji a ransa shi ke nan, ya karya abin da suka rayu a kai, kuma a banza.

Sai ya ji motsin katifa. Baba Umara ya dafa bango, ya zamo a hankali har ya sauko kan tabarma, yana haki. Ya ɗago ya ƙura wa ɗansa ido, kusa da kusa, ya bi fuskar da kallo tun daga goshi har gemu.

"Ashe kai ma ka yi furfura haka," ya ce.

"Na yi, Baba."

"To, miƙo butar. Kuma matso da kwanon tsakiya, ba a cin tuwo a gefe ɗaya."

Tsohon ya wanke hannu, ya gutsura. Lomar farko rabinta a tabarma ta zube kafin ta kai baki, Inuwa ya kau da kai kamar bai gani ba. Ta biyu ta shiga. Bai san ko an makara ba, bai san ko jikin zai karɓa ba, kuma bai da ƙarfin tambayar kansa. Ya dai rage sauri, ya riƙa gutsurar 'yar mitsitsiya yana juya ta a baki, don ya san muddin hannunsa yana cikin kwanon, tsohon ba zai cire nasa ba.